Dalilin da na danna kore

Shekarar da aka ɗora mana manhaja a waya don auna aikin ɗaliban jinya, ina koyar da su a wani ƙaramin asibiti a Faskari. Aikin ba wuya: ɗaliba na duba majinyaci, ni ina gefe, abin da ta yi in danna kore, wanda ta bari in danna ja. Wayar ke haɗa maki ta tura makaranta. Da ganin tambayoyin na san wanda ya tsara su ya yi karatu. Ban dai zaci ya taɓa gaida tsoho ba.

Ranar jarrabawar wata ɗaliba, yarinya mai hannu a aiki, aka kawo wani dattijo daga Ruwan Godiya, hawan jini ke damun shi. Ta durƙusa, ta ce, "Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Ta nuna wa ɗansa da ya rako shi katin asibitin, ya ce na Baba ne. Ta wanke hannu, ta ɗaura abin awo, ta karanta daidai.

Tambayoyi biyu suka rage a wayar: ta kira majinyaci da cikakken sunansa? Ta dube shi ido cikin ido? Ja a nan faɗuwa ce, sai ta maimaita zangon. Na danna kore, na sake danna kore.

Jami'in da makaranta ta turo ya ga yadda muke amfani da manhajar yana bayana, saurayi ne da bai fi ƙanena ba. Ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ba ta kira sunansa ba fa."

"Mi ake nema da kiran sunan?"

"A tabbatar shi ne mai katin."

"An tabbatar. A gabanka."

"Amma ƙa'ida ce, Hajiya."

"To ga shi nan zaune, ga katin. Nuna mata yadda ake yi."

Ya karɓi katin, ya matsa gaban dattijon. Tsohon ya ɗago furfurarsa yana jira. Saurayin ya buɗe baki zai kira sunan, sai ga shi ya durƙusa.

"Baba, Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, yaro. Kai ma likita ne?"

Wannan bai hana shi kai rahoto ba, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Aka kira ni aka ce in gyara makin. Na ce idan akwai mai ganin yarinyar ba ta iya aiki ba, ya zo ya danna jan da ɗan yatsansa. Ba wanda ya zo. Zango na gaba aka cire ni daga masu auna ɗalibai, wai ba na tafiya da zamani.

Yarinyar ta wuce. Tana aiki a Sabuwa yanzu, kuma an ce har gobe sai ta durƙusa.