Ranar da Na Je Jos Sauraron Rana

Zariya zuwa Jengre

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na nufi tasha. Baba Pam zan je wa a Jos, tsohon ma'aikacin waya da muka daɗe muna hira ta rediyon 'yan sha'awa, ba mu taɓa haɗuwa ba. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, rediyon nan ne kawai fitarsa. Sai iskar damina ta murɗe masa eriya, ya daina samun tauraron ɗan'adam da muke bi mu gaisa da na nesa.

A Saminaka muka karya da ƙosai da kunu. A shingen Jengre soja ya zazzage jakata, ya ɗaga na'urar awo mai allura.

"Wannan fa?"

"Ta auna ƙarar rana ce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona. Sai da ya karanta lasisina na rediyo ya sake mu. Har muka shiga Jos ba wanda ya ƙara yi mini magana a motar.

Tudun Wada

Garin a lulluɓe yake da hadari, ga raɗe-raɗin an yi rigima a wata unguwa. Mai keke ya ajiye ni a bakin titi.

"Oga, yau ba na shiga ciki."

Mama Kaneng, matar Baba Pam, ita ta zo ta tafi da ni. Na same shi a kujera, harshensa ya yi nauyi, amma ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Muka ci gwate, na hau rufin siminti inda eriyar take.

Faranti ne babba, da dogayen eriya biyu a gefensa, duk a kan injin da ke juya su. Aikin ba wuya. Rana tana fitar da wata ƙara, shuu, da rediyo ke ji ko da gajimare ya rufe ta. Kwamfuta ta faɗi inda ranar take, ni kuma in juya farantin har ƙarar ta kai ƙarshen ƙarfinta, sai in daidaita ma'aunin injin a nan.

La'asar ta yi, rana ta yi ƙasa. Ban lura ba, ashe dogayen ƙarafan nan sun sunkuyo sun auna rufin gidajen maƙwabta. Na ji hayaniya. Da na leƙa, matasa sun cika ƙofar gida, wasu da gorori.

"Waye wancan mai hula? Me yake aunawa?"

Mama Kaneng ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa. "Baƙon mijina ne. Mutum ɗaya ya hau ya gani, saura ku tsaya nan."

Wanda ya hau Davou ne, shugaban 'yan sintirin unguwar. Na miƙa masa abin sawa a kunne. Na kawar da farantin, ƙarar ta ragu. Na mayar, ta ƙaru.

"Rana ke nan kake ji," na ce.

"Ni ban ga rana ba."

Na sake kawar da shi don in maimaita. Shi kuma ya zagaya ya tsaya a gaban farantin yana leƙen cikinsa. Allura ta yi sama.

"Ashe yana jin mutum!" Ya faɗa da ƙarfi, na ƙasa suka ɗauka. Dutse ya sauka a kan kwanon kicin.

Gaskiya ce, duk abu mai ɗumi yana da tasa ƙarar, har jikin mutum. Na fara bayani, hayaniya ta danne muryata. Sai hayaniyar ta mutu. Baba Pam ne ya jawo ƙafa har tsakar gida, yana dafe da bango.

"Davou," ya ce a hankali, "mutum yana tsaye. Rana yana tafiya. Ka zauna ka gani."

Na saita farantin a kan ranar, na ɗaga hannuwana sama. Muka zuba wa allura ido. Ba wanda ya taɓa komai, ta fara sauka da kanta. Na miƙa wa Davou maɓallin injin. Ya matsar da farantin yamma kaɗan, ƙasa kaɗan, ƙarar ta dawo. Sai da ya bi ta haka har ya gamsu, sannan ya leƙa ƙasa ya ce kowa ya tafi gida.

Na ɗaure ma'aunin. Bayan magariba tauraron ya wuce, Baba Pam ya yi kira. Wata murya daga nesa ta ce ba ta ji sosai ba, ya maimaita. Ya ja numfashi ya maimaita, aka amsa masa da sunansa. Mama Kaneng ta juya ta shige kicin.

Komawa

Gari bai gama wayewa ba Davou ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Oga, ni na yarda rana ne. Amma ba kowa ya sa abin nan a kunne ba. Taso mu tafi."

Da kansa ya raka ni ta lungu har bakin titi, bai juya ba sai da keke ya tashi da ni. Na shiga mota a tashar Farin Gada, azahar ta yi mini a Zariya.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya. Na gode wa Baba Pam da Davou. Mama Kaneng kuwa, da ta tare ƙofa da jikinta saboda mutumin da ranar ta fara ganinsa, har yau ban san da bakin da zan gode mata ba.