Katakon Gidan Giya

Autana ya dawo Kabo da akwatin sifanu a ka, tun zamanin tsuke bakin aljihu da masaƙa ta sallame su. Ya kafa rumfar kwano a ƙofar gida, ya ce gareji ne. Shekara da shekaru a tsugune yake aiki. Noti ya faɗi, yashi ya haɗiye. Inji ya zo da ciwo ɗaya, ya koma da biyu, don ƙasa ta shige shi. Teburin da ya taɓa haɗawa da katakon akwati kuwa, guduma ɗaya ya durƙusa kamar raƙumi. Masu kawo gyara suka koma kaiwa Gwarzo.

Rannan ya ce, "Inna, bayan salla Ikko zan tafi."

Haka yayyensa suka faɗa, kuma har yau sai dai saƙon gaisuwa.

Shekarar da aka kawo Shari'a ce. A Gwarzo akwai wata mutuniyar Filato da nake kai wa daddawa. An rufe gidan giyar ƙanenta, na tarar da kantar gidan a jingine a bayan ɗakinta: katakon maɗaci ne zalla, kaurinsa ya kusa faɗin tafin hannu.

"Inna, ɗauka," in ji ta. "Ko kyauta an ƙi shi. Dā faskarawa zan yi."

Na ce wannan zai yi wa Auta teburin aiki. A-kori-kura ta sauke mana shi, warinsa ya riga shi shiga unguwa. Maƙwabcinmu mai shayi ya toshe hanci.

"Haba Inna, da tsufanki? Katakon da ya ƙoshi da giya?"

Autan ma kansa ya ja baya. "Inna, a wannan marrar? Wa zai kawo min aiki?"

Na yafa mayafi, sai zauren Liman. Ya saurare ni har na dire, sannan ya shafa gemu.

"Shi katakon ne ya saya ya sha, ko zuba masa aka yi? Je ki wanke shi. Ruwa ya tsarkake abin da ya fi wannan."

Na wanke. Toka, yashi, sabulun salo, na dirza har fatar hannuna ta saɓule, rana ta ƙarasa sauran. Ƙafafun teburin kuwa, azarar tsohon zauren mahaifinsa na sa ya ciro, giginya ce, gara ba ta iya mata. Ya yanka da zarto, ya huda, ya ɗaure da noti maimakon ƙusa, ya gicciya wasu a ƙasa, ya binne ƙafafun kamar ana kafa turke.

Wani manomi daga Gude ya zo da injin ban-ruwa da ya ƙi juyawa. Ƙarti suka ɗora shi a kai. Auta ya yi bisimilla, ya ɗaga guduma, ya sauke da dukkan ƙarfinsa. Kwanon shansa na kan teburin a gefe, cike da ruwa. Ko ɗigo bai zuba ba.

Mai shayi ya riƙe baki. "La ila! Yau ga mashayin da ba ya tangaɗi!"

Kafin la'asar injin ya tashi, hayaƙi ya cika rumfa, na rangaɗa guɗar da rabona da ita tun auren yayarsa.

Salla ta zo ta wuce, injuna da babura sun yi layi har bakin rijiya. Na kai masa fura, na tsaya a kansa.

"To, Ikkon fa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Inna, matsa kaɗan, kin tare min haske."