Ta Tafi, Ranka Ya Daɗe

Wata biyu ke nan da aka binne abokina a ƙauyensu, gaba da Kuru kaɗan. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki littafi sai in ajiye, in na fita sai in dawo ban yi abin da ya fitar da ni ba. Akwai wata safiyar Asabar da ke ta dawo mini, ita nake so in rubuta.

A ƙarshen shekarun saba'in muna kwaleji a Jos, ɗakin kwananmu ɗaya. Ni ɗan tela ne, kakana ya zo aikin kuza ya zauna. Shi Kirista ne, ɗan asalin duwatsun nan, mahaifiyarsa tana sayar da dankalin turawa a Anguwan Rukuba. Hausa muke yi da juna, amma ni a gida na tashi da ita, shi a titi ya koya. A bakinsa komai namiji ne. Mace ya zo, mota ya lalace, Mama ya ce a gaishe ka. Rabin garin haka suke magana, ba wanda ya damu.

A shekararmu ta biyu malamin adabi ya mayar da wani tsohon wasa na mutanen dā zuwa Hausa, irin wanda gidan sarki ke watsewa a ƙarshe. Gidan rediyo ya yarda a ɗauka da muryoyin ɗalibai. A wasan ba a kashe kowa a gaban jama'a. Ɗan aike ne zai shigo da gudu ya ba da labarin abin da ya faru a cikin gida. Sarkin yana da ɗa da 'ya, dukansu biyu suna bakin halaka, kuma sai daga bakin ɗan aiken ake jin wanda aka rasa. Kowa a ajinmu wannan matsayin yake so.

Na karanta a gaban malam, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Abokina ya karanta bayana. Muryarsa mai kauri ce, tana ɗan rawa a ƙasa, kafin ya kai rabi 'yan matan da ke hira a baya sun yi shiru. Shi aka ba. Ni aka ba ni mai gadin ƙofa, maganata biyu: «Ga wani nan tafe da gudu,» sai kuma «A ba shi hanya.»

A gwajin farko a gidan rediyo aka gano matsalar. Mai shirya shirin wani gajeren mutum ne mai saurin fushi, Oga muke ce masa, yana zaune bayan gilashi. Takarda tana ƙara a hannun abokina, sai Oga ya ce ya haddace ya ajiye ta. Da ya ajiye sai jawabin ya yi rai, bakinsa kuma ya koma hanyar da ya saba.

«Tsaya!» in ji Oga ta lasifika. «Wa ya mutu?»

«Yarinyar, Oga.»

«To me ya sa ka ce ya tafi?»

«Ai shi nake nufi, Oga. Yarinyar.»

Aka fashe da dariya. Oga ya fito daga bayan gilashin. «Ku saurara. A dandamali mutum zai ga zane da ɗankwali ya gane. A rediyo ba ido. Tsohuwa tana tuƙa tuwo ta ji ka ce ya tafi, ta gama binne ɗan sarki ke nan, alhali yaron zai yi magana bayan minti biyar. Fatalwa za ta ce.» Ya juya ya tambayi malam wa ya fi kowa tsabtar Hausa. Malam ya nuna ni. «Kai, mai gadi. Ka gyara masa baki kafin Asabar. Kuma ka haddace jawabin kai ma. Ranar ɗauka in ya yi kuskure ɗaya, zan tsayar, ka karɓa.»

Kwana shida ke nan. Ban taɓa yin mako irinsa ba. Da safe ina koya masa, da rana in ɓuya bayan ɗakin karatu ina haddace jawabinsa, ina gwada yadda zan faɗe shi. In na ji takun mutum sai in cusa takardar cikin riga. Ba laifi nake yi ba, Oga ne ya sa ni, amma ɓoyewa nake.

Da yamma mukan sauka a Tina Junction mu taka zuwa gidansu. Duk abin da na nuna sai ya faɗa.

«Akuya?»

«Ya... ta ci ganye.»

«Mota?»

«Haba malam, mota ma mace ce? Wa ya leƙa ya gani?»

«Mace ce. Rana?»

«Ta faɗi.»

«Wata?»

«Ta fito.»

«Ya fito.»

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya riƙe ƙugu. «Rana mace, wata namiji. To wa ya ɗaura musu aure? Ku Hausawa ba ku da aikin yi.»

Mahaifiyarsa ta zuba mana gwate da zafinsa, ta zauna a kan kujerar tsugunno tana kallonmu muna ci. «Ɗana,» ta ce da ni, «ka koya wa ɗan'uwanka da kyau. Na faɗa wa matan zumunta na cocinmu duka. Har ƙauye na aika, kawunsa zai sayi sabon batir.» Na ce to, Mama. Cokalin ya yi mini nauyi.

A namu gidan, rediyo kullum a kunne yake a kan kanta a shagon babana. Na gaya masa za a sa wasanmu. Bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. «Kai wane ne a ciki?»

«Mai gadi, Baba.»

«To. Za mu saurara.»

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Amma a hanyar komawa makaranta na riƙa jin yadda zai kasance a ce muryata ce ta cika shagon nan minti biyar cur, masu jiran ɗinki suna tambaya ɗan wa ne.

Ranar Laraba har yanzu yana kuskure. In ya yi a hankali ya faɗa daidai, amma kamar mai karanta sanarwar cigiya. In ya saki jiki sai mazan su dawo. Ni na kawo dabarar. Dama a gaban makirfon muna fuskantar juna. Na ce duk inda mace za ta zo zan taɓa kunnena, wurin ɗan kunne, kafin ya kai. Muka gwada sau uku a ɗaki, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. «Mutumina, kai ka cece ni.» Na yi dariya tare da shi. Washegari na sake komawa bayan ɗakin karatu da takardata.

Asabar ta zo da ruwa tun asuba. Muka isa a jiƙe, takalma a hannu don kada su yi ƙara. Oga ya ce awa ɗaya da rabi aka ba mu ɗakin, kuma faifai ɗaya ne. Ya dubi abokina, ya dube ni, bai maimaita sharaɗin ba. Jar fitila ta kama.

Na faɗi maganata biyu. Abokina ya tako daga nesa yana haki kamar yadda aka koya masa, ya fara. Ina taɓa kunne yana bi. Ta shiga. Ta rufe ƙofa. Ta kira sunan uwarta. Ban taɓa jin ya yi kyau haka ba. Ina jin kowace kalma a bakina kafin ta fito daga nasa, don ni ma na haddace, kuma na san ba zan taɓa faɗinta haka ba. Sanin hakan bai kwantar mini da rai ba, ƙara tayar da shi ya yi.

Har nan jawabin bai faɗi wanda aka rasa ba, ɗan ko 'yar. Ɗalibin da ya fito a sarki ya yi tambayarsa: «Faɗa mini, wanne daga cikinsu?»

Abokina ya dube ni. Hannuna ya taso har ƙirji, sai na tsayar da shi, na mayar gefe.

Ba mantuwa ba ce. Na yi shekaru ina neman wani suna da zan ba abin, ban samu ba. Na san layin, na san wurin, na sauke hannun.

Ɗakin ya yi tsit. Ina ganin Oga ta gilashi ya miƙa yatsa wajen maɓallin tsayarwa. Abokina bai ɗauke ido daga kaina ba. Leɓensa ya motsa ba sauti, sau ɗaya, sau biyu. Sai ya rufe ido.

«Ta tafi, ranka ya daɗe,» ya ce, muryar ta karye a tsakiya. «Ita ce.»

Daga nan har ƙarshen jawabin bai sake kallona ba. Akwai mata da yawa a sauran layukan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya shi kaɗai, idonsa a rufe. Ni kuwa ina ta taɓa kunne, ba mai gani.

Da fitila ta mutu Oga ya fito yana tafi. «Shirun nan! Wa ya koya maka shirun nan? Ai shi ne wasan gaba ɗaya!» Ya dafa kafaɗata. «Mai gadi, ka yi aiki.» Malam ma ya yi mini godiya. Na karɓa.

Ruwa ya ɗauke kafin mu fito. Abokina bai jira ni ba, ya yi gaba da sauri, ina binsa a baya ina tsallake kwatami. Sau biyu na buɗe baki in kira shi. A bakin titi ya tsaya wurin wata mai gasa masara, ya sayi guda ɗaya, ya karya biyu a gwiwarsa. Da na iso ya miƙo mini rabi ba tare da ya juyo ba.

Muka ci a tsaye. Motoci suna wucewa suna fesa ruwa.

«Na ga hannunka,» ya ce. «Ya tashi, ya koma.»

Ya ba ni lokaci. Ya cinye layi guda na masarar, ya fara na biyu. Da na faɗi gaskiya a lokacin, na san shi, zagina zai yi, ya yi kwana biyu ba ya kula ni, shi ke nan.

«Sanyi ne,» na ce. «Rigata a jiƙe take. Hannun ya ƙage.»

Ya juyo ya dube ni sosai, ya dubi rigar, wadda ta riga ta bushe a jikina.

«To,» ya ce. «Sanyi.»

Ya jefar da totuwar, ya tsayar mana da mota. Shi ya fara shiga, ya matsa ya ba ni wuri.