Kalmomi Uku da Suka Ɗora Shanun Gure a Jirgi

Gure

Tun kafin ladan ya kira assalatu muka kwance shanu a bayan gari, ni da Bello, Bafulatanin da ke yi mini kiwo. A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Nguru ba, kuma a kasuwar Gure, garinmu da ke ƙasar Faransi, ba a wata magana sai tasa: wai sa ya hau jirgi ya isa kudu da kitsensa, ba sai an kora shi a ƙasa har ya rame ba. Ni da na fara da sayar da igiya a bakin kara, wato kasuwar shanu, ban ga dalilin da zan zauna ina jin labari ba. Na haɗa bijimaina, sannan Yaya Mamman, yayan matata, ya ƙara mini nasa guda huɗu amana.

Ya rako ni har bakin kwari, ya kama akalar raƙumina.

"Habu, abin da fari ya bar mini ke nan. Jan nan kuwa da hannuna na raine shi."

"In Allah ya yarda, Yaya, alheri za ka ji."

Bune

Tafiyar shanu ba ta son gaggawa. Mukan tashi da sanyin safiya, mu sauka da hantsi cikin kwari inda ruwa ke kusa, mu sake ɗagawa da la'asar. A Bune muka sha furar gero da nono mai kauri, na sayi dabino a araha. Nan na haɗu da wani dattijo, Baba Tanko, da jakinsa. Ya zo ganin 'yarsa ne zai koma Nguru. Ya ce ya yi shekaru yana dafa wa Turawan Ingilishi abinci a Kano. Muka haɗa hanya.

Da ya ji inda na nufa, sai ya ce, "Akawun tasha mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa sosai, Faransancin gardinku kuma ba ya ci a can. Ka iya Turancin Ingilishi?"

"Ko na sayen ruwa ban iya ba, Baba."

"To, riƙe wannan. Ka ga mangalar jakin nan? Ita ɗaya ce, yau gero, gobe kanwa. Haka ai wan tu take, wato ina so in. Sai ka ɗora mata kayan da kake so. Ai wan tu it, ina so in ci. Ai wan tu silif, ina so in yi barci. Ai wan tu go Kano. Ai wan tu si, ina so in gani."

"Haka kawai? Ba sallama, ba ina gajiya?"

"Ka ce monin. Gaisuwar ke nan, ta ƙare."

"Baba, wannan ai rashin kunya ne. In tsaya gaban mutum in ce ina so?"

"A Gure rashin kunya ne, ɗana. A tasha shi ne ladabi."

Iyaka da Machina

Gardi biyu, dogaran Faransi, suka tare mu kafin iyaka, suka duba takardar izinin kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, suka sha shayinmu, suka sallame mu. A Machina kuma malamin dabbobi ya buɗe bakunan shanu ɗaya bayan ɗaya bai sami ciwo ba. Duk tsawon hanyar Baba Tanko bai bar ni na huta ba. In na miƙa hannu ga salka sai ya riƙe ta har na ce ai wan tu dirink. In na tsaya sallah sai ya ce in faɗa tukuna. Ya koya mini sel na sayarwa, bai na saye, da lod kau na ɗora shanu.

Bello yana jinmu yana dariya. "Maigida, tambaye shi yadda ake ce wa sa ya daina shiga gonar mutane, ko shi ma zai ji."

Nguru

Mun shiga garin da azahar. Na sauka wurin Fatoma Mele. Fatoma shi ne mai masaukin fatake: ya ba ka ɗaki da tuwo, ya shiga tsakaninka da mai saye da hukuma, ya karɓi la'adarsa. Al'adarmu kuwa baƙo ba ya tsallake fatomansa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce maganar taragon jirgi da za a ɗora shanu in bar masa.

Da safe na shiga kasuwa don in gwada kayana. Na tsaya gaban wata Bayarabiya mai ƙosai na ce, "Ai wan tu bai." Ta dube ni daga rawani har takalmi.

"Malam, kana jin Hausa ina jin Hausa, me ya kawo wahala? Na nawa?"

Na karɓi ƙosaina na wuce.

Kwana ya bi kwana, kullum Fatoma ya ce akawu ya ce gobe. Garkunan da ke jiran jirgi sun cinye ciyawar kusa da gari ƙarƙaf. Wata safiya Bello ya zo ya tsuguna.

"Maigida, tozo ya fara kwanciya. Jan Yaya Mamman ma ba ya tuƙa."

A ranar ce Fatoma ya ce mini, da murya mai taushi, "Baƙona, in ka gaji akwai mai saye a nan, don in rage maka wahala." Na yi godiya. Wanda ya girma a kara ya san ma'anar wannan tausayi.

Sai na tafi tasha da kaina, na yi abin da na sani. Na shimfiɗa buzu a inuwa daura da tagar akawu, kamar yadda muke yi a ƙofar manya, ina jira a tambaye ni abin da ke tafe da ni. In ya fito na miƙe na rusuna, ya gyaɗa kai ya wuce. Haka na yini, haka na sake yini. Ana cikin haka jan bijimin ya kwanta ya ƙi tashi, muka kira mahauta kafin ya zama mushe.

Na nemi Baba Tanko, na same shi yana sayar da burodi a bayan tasha.

"Me ka ce wa akawun?"

"Na gaishe shi."

"Sai me?"

"Ina jira ya tambaye ni."

Ya ajiye wuƙarsa. "Ashe mangala na ba ka ka mayar da ita matashi. Tashi ka je taga."

"Zo ka yi mini magana, Baba."

"In na je, fatoma ka sake, ba ka rabu da shi ba. Bakinka ne, shanunka ne."

Na je. Na tsaya a gaban taga. Na ce, "Monin. Ai wan tu lod kau."

Akawu ya ɗago kai. Ya yi wata magana mai tsawo wadda ban kama ko kalma ba, sannan ya ƙwala wa masinja kira ya fassara.

"Ya ce shi ya ɗauka baƙo kake jira daga Kano. Ya ce shekaranjiya tarago ya koma ba kaya, kuma babu wanda ya taɓa zuwa da maganar shanun Gure."

Nan na tabbatar Fatoma bai taɓa kai maganata ba. Na ce, "Ai wan tu si." Akawu ya fito da kansa ya nuna mini taragon. Na duba ƙasansa ko akwai ƙusa, na ce a zuba yashi don kada su zame, masinja ya faɗa masa, ya yarda. Washegari da hantsi shanu suka hau. Na biya Fatoma haƙƙin masaukinsa, muka yi ban kwana lafiya, ban sake sauka gidansa ba.

Kano da komowa

Ni da Bello cikin taragon muka zauna har Kano. A can fataken Ikko suka saye su, ciniki bai kai yadda na yi fata ba, amma bai kunyata ni ba. Muka dawo Nguru, na kai wa Baba Tanko goro da turmin alawayyo, muka ɗauki raƙumi muka bi sawunmu.

Da la'asar muka shiga Gure. Ban wuce gida ba sai da na tsaya ƙofar Yaya Mamman. Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi hanya, na tambayi yara da gona, na sha ruwa, sannan na ba shi amanarsa na faɗa masa yadda jan ya ƙare. Ya ce Allah ne ya ba shi, shi ya karɓa. Can ya dube ni.

"Bello ya ce ka iya Turanci."

"Kalma uku ne, Yaya."

"Faɗi in ji."

"Ai wan tu it. Wato ina so in ci abinci."

Ya girgiza kai. "Wannan ka bar shi a tasha. A gidan nan ba a nema, kawowa ake yi." Ya juya ya ce a fito da tuwo.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da kuma dattijon nan mai burodi, Allah ya saka masa.