Gilashin da Na Yafe a Gaban Jama'a

Edita, assalamu alaikum. A shekarun da gwamnati ta tare a Abuja, lokacin da kowane kango a Suleja ya zama abin rububi, idan ka tsaya a bakin kasuwa ka tambayi wanda ya fi kowa dabara a garin nan, ni za a nuna maka. In ma ba a nuna ni ba, ni da kaina zan ɗaga hannu. Tifa ɗaya gare ni mai ɗaukar yashi da tsakuwa, amma idan ina ba da labarinta a majalisa sai ka rantse rabin benayen Abuja a kan yashina suke tsaye. Mutum ne ni mai tumbi, mai murya, mai son a yi dariya, kuma ba na iya faɗin abu yadda yake sai na ƙara masa gishiri. Da abin da tifar nan ta tara mini na gina jerin shaguna a bakin titi, ba nisa da gidana a unguwar Wambai. Shagon tsakiya na yi masa abin da ba a saba gani a layinmu ba: manyan gilasai guda biyu, dama da hagun ƙofa, tun daga ƙasa har sama, waɗanda na ɗauko daga Kaduna ina ta addu'a a kowane rami. Mutane har tsayawa suke yi su gyara hula a jikinsu.

Gilasan nan su suka kawo mini ɗan hayan da kowane mai shago yake mafarki. Mutumin kudu ne, mai sayar da talabijin da rediyo da fanka, mai natsuwa, wanda ba a taɓa bin sa ƙofa a kan haya ba. Ya faɗa mini tun ranar farko cewa ba shagon ya kama ba, gilashin ya kama, domin kayansa sai an gani ake sha'awa. Yakan jera talabijin a bayan gilashin ya kunna, ranar ƙwallo kuwa har titi jama'a suke cikawa. A lokacin ne wani wakilin kamfanin inshora, mai laktaye da jaka, ya yi ta zarya majalisarmu har ya shawo kaina na yi wa ginin inshora. Abokaina suka ce rashin tawakkali ne. Ni kuwa na ce musu su zauna nan da tsohon yayi, ni yanzu ko giwa ta shiga shagona ta gaba, kafin ta fita ta baya an sa sabon gilashi. Sharuɗɗan da aka ba ni ban karanta ba, ban kuma sa an karanta mini ba. Na ɗauka magana ɗaya ce: a fasa, su biya.

Tun kafin in yi ginin akwai wani mai tsire da tukubarsa take a gaban filin. Magidanci ne mai iyali, ƙanen ladanin masallacinmu, mutum marar yawan magana. Ɗan hayana ya fara ƙorafi cewa hayaƙi da maiƙo suna dusashe masa gilashi, kullum sai ya wanke. Maimakon in ja mai tsiren gefe mu yi shawara, sai na tsaya a gaban masu sayensa na mayar da abin wasa, na ce ya kwashe hayaƙinsa ya yi gaba, nan yanzu birni ne. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya koma wani lungu inda ba kowa ke bi ba, ciniki ya mutu, ni kuwa ban ko waiwaye shi ba. Wata Juma'a da rana tsaka, maza sun tafi masallaci, ɗan hayana ya rufe ya tafi cin abinci, sai mai tsiren ya zo da guntun rodi ya farfasa gilasan nan biyu, ya bi ta gefe ya sauke na tagogin sauran shagunan. Matan da suke sayar da ayaba a tsallake suna kallo. Bai ɗauki ko batir ba. Da ya gama sai ya zauna a bakin kwalbati yana jiran abin da zai biyo baya.

Ka san yadda muke yi a unguwa. Ba a kai maƙwabci wajen hukuma sai manya sun zauna, kuma idan aka zauna aka yafe aka shafa fatiha, magana ta mutu, wanda ya tono ta shi ne abin kunya. Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ladan, dattijon da muryarsa take tashe ni sallar asuba tun ina saurayi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya durƙusa a gabana yana ba ni haƙuri, hawaye na bin gemunsa. Idon jama'a duk yana kaina. Edita, ni kuwa ba a tara mini jama'a in ƙi yin wasa. Na miƙe, na gyara babbar riga, na ce:

"Na yafe masa duniya da lahira. Ko sisi kada a karɓa a hannunsa, kuma kada in ji maganar nan ta wuce ƙofar gidan nan."

Wuri ya ɗauki kabbara. Aka yi ta sa mini albarka har kaina ya yi nauyi. Abin da babu wanda ya sani shi ne, a cikin raina ina cewa ai kamfani ne zai biya, ni ga lada ga suna a banza. Daga nan ma na sa aka share fasassun gilasan tas aka kai juji, don kada su yanke ƙafar wani, aka wanke wurin kamar ba a yi komai ba. Ɗan hayana, wanda babu wanda ya tuna a kira shi zaman, ya same ni da yamma ya ce shi ba shi da ja a kan yafiya, tambayarsa ɗaya ce, yaushe gilashi zai dawo. Na buga ƙirji na ce ya ba ni mako guda. Kafinta ya zo ya rufe wurin da allunan katako, shagon da yake ƙyalli ya koma kamar rumbu.

Da na je wa wakilin inshora da labari, murmushin da na san shi da shi ya ɗauke. Ya tambayi takardar 'yan sanda, na ce babu. Ya tambayi hoto, na ce ban kira mai hoto ba. Ya ce to ina fasassun, na ce suna juji. Ya tambayi wanda ya yi ɓarnar, nan na yi tari na ce ai ranar Juma'a ce, ina masallaci. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai babban ofishinsu a Kaduna. Daga nan wahala ta fara. Lokacin ana fama da ƙarancin mai, mota sai ka yi sammako ka yi kokawa kafin ka samu kujera. In isa Kaduna a gajiye, a ce mai sa hannu ya fita, in zauna a benci har ƙafafuna su kumbura, a ce in dawo wani makon. Na yi zaryar hanyar nan har masu sayar da doya a garin Tafa da ke kan hanya suka fara gaishe ni kamar ɗan gari. Barkwancin da nake yi wa ma'aikatan ofishin ya ƙare tun a zuwan farko, na koma mai zama shiru da hula a gwiwa. A waje dai ina ta dariyata yadda aka saba, amma da na shiga gida fuska take canzawa.

A ƙarshe suka turo mai bincike, wani Bazazzagi mai sanyin magana. Kuskuren da na yi shi ne ban tare shi a tasha ba. Kafin in iso ya riga ya zaga layin yana tambaya, kuma babu wanda ya ɓoye masa komai, domin a ganinsu alheri suke yi mini. Mai shayi ya ba shi labarin yadda na miƙe. Matan ayaba suka nuna masa inda mai tsiren ya zauna. Tela ya maimaita masa maganata kalma da kalma har da gyaran riga. Ladan da kansa ya riƙe hannunsa ya ce ya gaya wa mutanen Kaduna cewa a Suleja akwai mutumin da babu irinsa. Na iso na tarar ana yabona kamar ranar jana'izata. Mai binciken ya ja ni cikin shagon, cikin duhun katako, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce ka'idarsu ita ce idan sun biya mutum, sai su tsaya a matsayinsa su nemi haƙƙi wajen wanda ya yi ɓarnar, ni kuwa na rufe wannan ƙofar a gaban shaidu, na kuma share duk abin da za su duba.

"Alhaji," in ji shi, "haƙƙinka ka yafe, Allah ya ba ka lada. Amma ka haɗa da namu a ciki, kuma ba ka tambaye mu ba."

Ya ce hanya ɗaya ta rage, in je wajen 'yan sanda in kai ƙara da sunan mutumin, ko da yake an makara, su kuma za su duba abin da za su iya yi. Ba sau ɗaya ba na sa riga na kama hanyar caji ofis. Amma garin nan ƙarami ne. In na fito sai in haɗu da wanda zai tsayar da ni ya ce jiya mai unguwa ya sasanta wasu masu rigimar iyaka, da sunana ya yi musu misali. Ko in ji ladan yana kiran azahar, in juya. Zan so in ce maka tausayin mai tsire da 'ya'yansa ne ya mayar da ni gida, amma ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Tunanin yadda zan shiga sahu a masallaci bayan an ga ɗan sanda ya tasa ƙeyar mutumin da na yafe wa duniya da lahira, shi ne ya hana ni. Na sayi suna da tsada, na kuma kasa mayar da shi.

Ana cikin haka damina ta sauka. Katakon ya sha ruwa ya kumbura ya buɗe baki, feshi ya riƙa shiga har ya lalata wa ɗan hayana kaya. Masu kallon ƙwallo suka watse, masu saye suka bi su. Na ce bari in sa gilashin da aljihuna, sai na tarar duk zuwan da zan yi wajen masu gilashi farashi ya wuce inda na bar shi, tifar kuma ta zaɓi wannan lokacin ta kwanta da ciwon inji. Mutumin nan ya yi haƙuri fiye da yadda ni zan yi. Mako gudan da na ce masa ya zama watanni, kullum ina ce masa Kaduna sun kusa. Ranar da zai tashi bai yi faɗa ba. Ya kawo mini makulli har gida, ya gode, ya ce ya samu wuri a hanyar Abuja mai gilashi. Na tsaya ina kallo ana loda talabijin a a-kori-kura, na nemi abin dariyar da zan faɗa na rasa. Daga baya na sa magini ya toshe wurin gilasan da bulo, wani mai sayar da siminti ya kama shagon a kuɗin da ya ga dama, shi da ba ruwansa da haske. Kamfani kuwa har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba, ni ma ban sake nemansu ba.

Abin da nake so masu shaguna 'yan'uwana su ɗauka daga wannan shi ne, ba yafiya nake hana ku ba. Amma idan ka yi wa gininka inshora, ka sani ka shigo da wani cikin maganarka, kuma shi ba ya zuwa zaman ƙofar gidan mai unguwa. Ka sa a karanta maka sharuɗɗan tun ranar farko, ko da za a yi maka dariya. Idan ɓarna ta faru kada ka yi saurin ɗaukar tsintsiya, ka kira mai hoto, ka sanar da kamfani kafin ka buɗe baki a gaban manya. Ka tuna da ɗan hayanka, domin shi ne yake kwana da asarar, ba masu kabbara ba. Idan kuma za ka yafe, ka fara taɓa aljihunka ka ji ko zai ɗauka, kada ka yi kyauta da abin da kake zaton wani ne zai biya. Kafin duk wannan ma, idan za ka tashi mutum daga inda yake neman abincin 'ya'yansa, ka ja shi gefe, kada ka mayar da shi abin dariya.

Kwanan baya wasu baƙi suka zo mini, ina ba su wannan labari a zaure, na ɗan koma halina na da har ina ƙara gishiri. Na ce musu na rasa gilashi, na rasa ɗan haya, amma ko ba komai ni mutum ne da in ya yafe ya yafe. Uwargidana ta kawo abinci bakin ƙofa, ashe tana ji. Ta ajiye kwanon ta ce daga bayan labule:

"A waje dai ka yafe masa, Alhaji. Mu a cikin gida shekara guda muka yi muna karya kumallo da zagin da kake yi masa."