Allurar da Na Sha a Madadin Ƙanwata

Komai tsufan da zan yi, ko da sunayen jikokina sun fara rikice mini, ranar da na je asibitin jami'a a matsayin ɗaliba ba za ta fita daga kaina ba. Ni da ko aji biyu ban gama ba.

Lokacin soja ne ke mulki, kuɗin mai sun shigo, kowane gida a Ƙofar Dundaye sai ka ji rediyo na tashi. Ba a daɗe da buɗe jami'a a Sakkwato ba, ƙanwata kuwa tana cikin 'yan matan da aka ɗauka, ba su da yawa. Tana da aure, mijinta na aiki Kaduna, don haka a ɗakina take zaune.

Ana gab da jarrabawa sai na ga ta daina fita. Ni kunnena ba ya barci, na ji yadda take jan tsaki duk sanda ta fito daga bayi. Da na matsa mata, ta sunkuyar da kai ta ce ciwon sanyi ne, ga ƙaiƙayi ga zafin fitsari, ko zaman aji ba ta iyawa. Na dafa mata bagaruwa, na haɗa jiƙo iri-iri, ko gezau. Na ce to ba ga asibiti kyauta a makarantarku ba? Ta ce benci ɗaya ake zama da samarin ajinsu, mai ba da kati kuma namiji ne mai ƙatuwar murya, a gaban kowa yake tambayar abin da ya kawo ka. Gara ta rasa jarrabawar, a kore ta.

Mu kuwa a unguwa mun saba, matar da ba ta fita aike take yi, a faɗi ciwonta a karɓo mata magani. Sai na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na karɓi katinta, na rungumi wani ƙaton littafinta, har da aron tabarau wajen maƙwabciya.

"Yaya, za su gane ki," in ji ta.

Na ce, "Mi za su gane? Ciwo dai ai ba da Turanci shi ka kama mutum ba."

Mai kati ya yi tambayarsa da ƙarfi kamar yadda ta faɗa, na ce ciwon kai, na wuce ina jin kaina. A ciki na tarar da wata sista, dattijiya, mai magana a hankali. Na zayyana mata duk abin da ƙanwata ta faɗa mini. Da na ga tana saurare sosai, sai bakina ya ƙi tsayawa. Na ƙara da na maƙwabciyarmu, na ɗora na wata da na ji labarinta a gidan suna. Ta ce in shiga bayan labule ta duba ni, na rantse kunya ba za ta bar ni ba. Ta girgiza kai, ta ce ciwon da ya kai haka ba a jira da shi.

Ina zaton ƙwayoyi za ta ƙulla mini, sai na ga ta ɗauko sirinji daga cikin tafasasshen ruwa. Na haifi 'ya'ya a ɗaki ban yi kuka ba, amma allura tun ina yarinya nake gudunta. Na ce a raina, daure, bayan wannan ne ake ba da na tafiya gida. Ta soka mini a ɗuwawu, na kira sunan Allah har tabarau ya faɗi ƙasa. Ina gyara zane na tambayi ƙwayoyin. Ta ce babu wasu ƙwayoyi, in dawo gobe da jibi a ci gaba da allurar.

Nan fa ɗaliba ta ƙare. Na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta ɓata fuska ta yi mini faɗa sosai, ta ce da maganin bai karɓe ni ba fa?

"Baiwar Allah, kin taɓa ganin an yi ma wani allura wani ya warke? Tai ki taho min da ita."

Ta ce mu zo bayan azahar ta ƙofar baya, ba sai mun bi ta wurin mai kati ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakinta a nan yake tsayawa. Ta ƙara da cewa in mijin ya zo shi ma a duba shi.

Na koma gida ina ɗingishi. Ƙanwata da ta ga yadda nake zama da gefe ɗaya, ta yi dariyar da rabonta da ita tun kafin ciwon, ta ce tunda na sha allura dominta ba ta da bakin ƙin zuwa. Aka duba ta, ashe nata ma bai kai rabin wanda na tsara ba. Ta warke, ta zauna jarrabawarta.

Daga ranar na gane ana aiken mutum kasuwa, ana aikensa gaisuwa, amma ciwo mai shi ne ke kai shi. Duk yarinyar da kunya ta hana ta zuwa asibiti, yanzu rakiya nake yi mata har ƙofa, in samu benci in zauna, in kuma kama bakina.