Wa Ya Tambayi Tsohon?

A ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir, kakarmu Gwaggo Gambo ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, wutar kara ta zama garwashi. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye murhu. Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo, shi ya sa yayana Sani ya sha kwana bai ɗanɗana ba.

"To, ga ta nan tafe," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Wani tsoho ne Mutuwa ta aiko masa cewa tana zuwa bayan girbi. 'Ya'yansa suka ce ba su yarda ba. Suka ɗora shi a jaki, daga wannan mai magani sai wancan. Duk inda aka yada zango sai ya ce, "Ku mai da ni gindin tsamiyata." Su ce, "Yi shiru, Baba, za ka warke." A tsakiyar daji Mutuwa ta cim musu, ba inuwa, ba ruwa.

Nan Gwaggo take shaƙe murya ta zama Mutuwa: "Ni fa tabarma na shimfiɗa masa a ƙofar gida, don ya yi sallama da kowa. Ku kuka sa ni gudu, mai gudu kuwa ba ya kamu a hankali."

Ni da bakina ba ya shiru, na ce ai ƙauna ce ta sa su. Ta dungure min kai. "Ƙauna ce mana, maigidan nawa. Amma wa ya tambayi tsohon?"

Sai bara na gane. Ciwon daji ya kama mahaifiyarmu. Likita a asibitin birni ta ja mu gefe, ta ce ya riga ya bazu, abin da ya saura shi ne a rage mata raɗaɗi. Yaya Sani har ya ɗauki shatar mota zuwa wani asibitin. Kullum mu shiga mu ce, "Da sauƙi, Inna," ita kuwa ta bi mu da ido. Tsoro ya cika ni, amma na durƙusa na ce, "Inna, me kike so?"

"Ku kai ni gida, ɗan nan. Na san abin da kuke ɓoyewa."

Yaya ya yi faɗa, ya yi kuka, sannan da kansa ya ɗauke ta zuwa mota. Ma'aikaciyar jinya ta koya mana ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci, da juya ta, da jiƙa mata leɓe. A rumfar tsakar gida Inna ta kwanta, tana jin dakan gero. Ta aika aka kira Hajiya Ladi, maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga maciji saboda iyakar gona, suka yafi juna. Wata rana bayan la'asar Inna ta cika da kalmar shahada, hannunta cikin na Yaya. Har yau ina kewarta, amma ba na da-na-sani.

Da muka dawo daga maƙabarta, Yaya yana naɗe tabarmarta ya ce, "Da mun tafi, a daji za ta cim mana."

Ashe duk gyangyaɗin nan yana ji.